Kada Ka Ɗauke Min Samata

Zuwa ga yayana Ziblim, a Takoradi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, Ya kuma raba ka da ciwon bayan nan. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma cin kasuwar Savelugu. Kaɗanya ta yi 'ya'ya bana, sau uku muna dafa mai. 'Yarka Samata lafiyarta lau, sai ɗan karen surutu.

Yaya, na zaɓi rubutu ne don in a waya ne faɗa za mu yi. Labari ya iso min cewa autarmu Azara ta kira ka, ta ce ka karɓe Samata daga hannuna ka ba ta, ta tafi da ita Tamale ta sa ta makaranta, kai kuma ka ce za ka duba. Za ka duba me? Yarinyar da ka ɗauko da hannunka ka ajiye a ɗakina tana shekara huɗu, yadda kowane Badagombe yake ba 'yar'uwarsa 'ya? A garin nan ka taɓa ganin an karɓe 'ya daga gwaggonta, in ba azaba aka kama ta tana gana mata ba? Da wane ido zan je rijiya?

Ba zan ɓoye maka ba, kishin Azara nake yi, kuma ba yau ya fara ba. Ka fi kowa sanin ni ce ta ɗaya a aji huɗu ranar da Baba ya miƙa ni ga Gwaggo Memunatu, na ajiye littafi na ɗauki tulu. Azara ba ta fi ni kai ba, ta dai zo ne bayan Gwaggo ta riga ta samu rabonta. Yau ga ta a rediyo duk Asabar tana kare haƙƙin 'ya'ya mata, sarki har zabbi ya aika mata, Inna kuwa ko tuwo ta tuƙa sai ta sako sunanta. A taron ƙofar fada ta miƙe ta ba da labarin wata yarinya mai ƙoƙari da riƙo ya cinye mata karatu. Wai ta sakaya suna! Mata suka juyo gaba ɗaya suna kallona, wata har da dafa min kafaɗa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Kuma duk iliminta, abu ɗaya ya shige mata duhu. Shekara guda tana bin iyaye maza zaure zaure tana yi musu wa'azi, su ce mata to, su sa mata albarka, ta tafi. Wane uba ne zai buɗe baki a kan 'yar da ya riga ya bayar? Magana tana hannunmu, mu masu riƙo, ita kuwa ko gaisuwar kirki ba ta tsaya ta yi mana ba, a rediyo ma mu ne mugaye. Da ta zo gidana na faɗa mata haka, ta ce ai ni ya kamata in fi kowa ganewa. Na ce ranki ya daɗe, Hajiyar rediyo, na gane tun kina tsumma. Ta tashi ta fita, kokon da na dama mata ko taɓawa ba ta yi ba.

Gaskiyarta ɗaya, na jinkirta sa Samata makaranta, don hannu nake nema wajen kaɗanya. Wannan laifina ne, na kuma ji kunyarsa. Litinin da ta wuce na kama hannunta na kai ta makarantar garinmu da kaina. Daga nan na bi ƙawayena masu riƙo ɗaki ɗaki, ba wa'azi, muna fasa kaɗanya muna magana. Yara tara suka shiga aji. Ranar Asabar rediyo ya ce ƙoƙarin Azara ya fara haihuwa. Ban fasa rediyon ba don na maigida ne.

Jiya ina wanke wa Samata rigar makaranta, ta tsuguna kusa da ni ta ce in ta girma irin Gwaggo Azara za ta zama. Yaya, hannuna yana cikin kumfa na ce mata Allah Ya sa, kuma har zuciyata na faɗa, amma ko abincin rana ban ci ba. Na yarda ta zama Azara, ta ma fi ta. Abin da nake roƙonka, bari ta zama hakan tana ɗakina. An ɗauke ni daga aji na haƙura. In aka ɗauke min Samata, ban san abin da zai rage a ce nawa ne ba.

Ka gaida matarka Yaya Abiba da yara, su Fuseini da Neindow. Inna tana sa maka albarka. Ina jiran amsarka, kuma ni za ka ba, ba Azara ba.

Ƙanwarka,
Sanatu