Ƙofar da Ke Duban Kudu

Bakin Kogin Tamir, farkon kaka

Zuwa ga 'yata Tungalag,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya mutanen Koriya? In kin tambaya ko dabbobinmu sun yi ƙiba bana, dabbata ɗaya ce, mai ƙafar roba, kuma jiya ta wuni a taɓo har ciki.

Kada ki zargi motar, aikina ne. Mun iso bakin kogi na tsaya kan tsakuwa, wuri mai kyau. Sai uwarki ta leƙo ta ce, "Tsoho, ƙofar nan arewa take kallo." Na ce, "Dolgor, mota ce fa, ba tanti ba." Ta ce, "Inda na kwana nan ne gida, kuma tun da aka haife ni ban taɓa kwana gidan da ƙofarsa ta ba rana baya ba." To, ni da na tsufa ina jan motar kwal, na ce bari in nuna gwaninta. Na yi baya, na murɗa, na ƙara baya. Ƙofa ta dubi kudu sarai. Tayoyin baya kuma suka tafi gaida kakanninmu.

Wani makiyayi, Sambuu, shi ya ja mu da shanunsa. Ya dube ni ya ce, "Baba, direban ya gudu ne ya bar ku?" Uwarki ta yi dariya har tari ya tsayar da ita.

Ga dalilin wasiƙa. Tun da likita ya ce ƙirjin uwarki ba zai ƙara jure hayaƙin birnin Ulaanbaatar ba, 'yar motar nan ce ɗakinmu, ita ce madafarmu. In na juya sai ta juya, in na yi atishawa tukunya ta faɗo. Sannan motar ba ta iya ƙetare ruwa. Ga dutsen da aka haifi uwarki a gindinsa can hayin kogi, muna hango shi. So take ta je ta yi birgima a ƙasar da ta fara faɗowa, kamar yadda mutanenmu ke yi in ƙarfi ya gudu. Na ce zan kai ta.

Na ga manyan motoci biyu a kasuwar garin Tsetserleg. Ɗaya 'yar Japan, fara kamar ƙwai, har da makewayi a ciki. Wa ke tsuguno inda yake dafa shayi? Cikinta kuma dab da ƙasa, kamar nawa. Ɗayar tsohuwar motar soja ce, tayarta ta kai mini ƙugu, akwatinta zai ɗauki murhu da gadaje, sai dai ƙofarta a baya take. Mai ita ya yarda mu yi musaya da filinmu na birni.

Ke da kika yi karatu, wacce?

Ubanki mai aji huɗu,
Dashnyam

*

Ansan

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna. Na karanta wasiƙarka, ban yi dariya ba.

Kada ka ba da filin nan. Shi kaɗai ya rage muku tun shekarar da sanyi ya kashe garkenmu. Wanda ke tari irin na Inna kusa da asibiti ya kamata ya zauna, ba bakin kogi ba. Zan nemo muku ɗaki a bene, inda hayaƙi bai cika kaiwa ba.

Kuma kai ka koya mini ba a barin hancin mota yana fuskantar iskar arewa da hunturu. Motar da ƙofarta ke baya, in ƙofar ta dubi kudu, ina hancin zai duba? Ran da injin ya daskare kuna tsakiyar daji, wa zai ja ku? Shanun Sambuu?

Ku huta lafiya.
'Yarka, Tungalag

*

Bakin Kogin Tamir, tsakiyar kaka

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso cike da hankali, sai dai ta makara, kamar hankalin ubanki. Na riga na karɓi ta sojan.

Amma maganar hanci kin gama ni. Na wuni ina zaga motar kamar kare da bushiya. Ƙofa kudu, hanci arewa. Hanci kudu, Dolgor ba ta shiga. Na ce mata, "Tsohuwa, zaɓi ɗaya, al'ada ko inji." Ta ce, "Kai ka sayi gida da ƙofa a ɗuwawu, kai za ka zaɓa."

Sai na kai ta wajen mai walda, ya toshe ƙofar bayan, ya yanka sabuwa a gefen dama. Yanzu hanci gabas, ƙofa kudu. Ta ɗan karkace, don ni na yi awo, in za a rufe sai an sa kafaɗa. Uwarki ta shafa wa ƙofar jan fenti, ta yayyafa wa tayoyi madara, ta jera tukwanenta a ɓangaren mata, sannan ta gargaɗe ni kada in taka dokin ƙofa. Dokin ƙofar da sai an hau tsani ake kaiwa! Na lulluɓe bango da bargon ulu, murhu na ci da kashin shanu, ciki ɗumi kamar hammata.

Na ɗaga mata gado da matasai, a zaune take barci yanzu, wai don ta riƙa ganin dutsenta.

Kogin fa ya ƙi. Ruwan ƙarshen damina ya cika shi. Na sa hanci, ruwa ya taɓo fitila, na dawo da baya ina gumi. Sambuu ya ce, "Baba, shanuna sun ce in ka faɗa da wannan, ba su san ka ba." Ya ce a jira kogin ya daskare ya zama ƙanƙara, sai mu bi ta kai.

Ubanki, mai gida mai taya,
Dashnyam

*

Ansan

Baba,

Ina gaisuwa. Inna ta sa na yi mata alkawarin rufe baki, yau zan karya shi.

Ba don dutse take barci a zaune ba. In ta kwanta numfashi ba ya shiga. Kafin ku bar birni likita ya gaya mata abin ya ci huhun duka biyu, kuma da wuya ta ga bazara. Ta ce kada ka sani, wai za ka daina wasa, ita kuma ba za ta iya zama da kai babu wasan ba.

Kana can kana awon ƙofa, Baba. Don girman furfurarka ka mai da ita asibiti, ko kwana kaɗan a ƙara mata.

Tungalag

*

Bakin Kogin Tamir, shigar hunturu

'Yata,

Na gaishe ki. Share hawayenki, ba ki tona komai ba. Likitan nan ni ya fara tarewa a baranda, kafin ya shiga wajenta. Na tambaye shi abin da asibiti zai ƙara mata, ya ce gado. Gado kuwa ina da shi.

Ita tana ɓoye mini, ni ina ɓoye mata na sani. Ki bar mu haka. Aji huɗu na yi, amma wannan darasin na riƙe shi.

Na karanta mata maganar ɗakin bene daga wasiƙarki ta farko. Ta ce, "Tagarsa ina take duba?"

Kin ɗauka don girman kai na nemi babbar mota. Gado uku ne a cikinta, Tungalag. Na ukun babu kowa a kai sai jakar busasshen cuku.

Ƙanƙara ta kama bakin kogi, tsakiya ce da saura. Kullum da safe nakan je in soka ƙarfe, in dawo in ce mata gobe. Jiya ta ce, "Tsoho, gobenka ta fi motarka tsufa." Ta yi dariya, amma ba sauti.

Ƙetare ɗaya take bina, ban biya ba. Ran da za mu hau ƙanƙarar, dole wani ya riƙe ta a baya yayin da nake tuƙi, hannuna kuwa biyu ne kawai. In kin sauka Tsetserleg ki tambayi Sambuu. Ba za ki ɓata ba, jar ƙofa ce karkatacciya, tana duban kudu.

Ubanki,
Dashnyam