Ɓeran da Ya Cinye Muryata

Zuwa ga maigidana marowaci,

Ina gaishe ka. Ya babarka da ƙannenka? Ni ina nan lafiya a ƙasar mutane.

An ce ka rage kirana, wai in maganata ta yanke kana zaton na gaji da kai. Kawunka da nake wurinsa, wanda harkar intanet ce aikinsa, ya ce na'urar intanet ɗinmu ma haka take: in guntun saƙo ya ɓace a hanya, sai ta ɗauka cunkoso ne, ta rage aikawa. Yana koya mata bincikar dalili tukuna. Da ya duba abin da ke yanke maganata, ashe ɓera ne ya gwaguye igiyar na'urar.

Jiya na ritsa ɗan banzan bayan kabad. Na kwaɗa masa sanda, ya ja gindi yana tsuwa, na ƙara masa har kai ya fashe, jini a bango. Na zame na bugu a ƙugu, amma na fi shi lafiya. Na dai daɗe a ƙasa, gidan ba kowa sai ni da gawa.

In ka ji shiru, ka sake kira. In ka ƙi, sandar tana nan, ban wanke ta ba.

Allah ya yi maka albarka.

Tsohuwar matarka