Ramin Jatan Lande a Garkar Baba

Daga gonar ruwa, gaba da Fatakwal
Bayan ƙaramar sallah

Zuwa ga yayata Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mai gidanki da yara, ina gaida Gwaggo Jummai, da fatan an yi sallah lafiya. Ni lafiya lau, har ƙiba na yi, in kin gan ni sai kin sake kallo.

Ki yi haƙuri da shiruna. Nan ba rezo, waya ba ta kamawa, wayoyinmu ma karɓe su ake yi a ƙofar kamfani. Allah Ya haɗa ni da Balarabe mai kamyon albasa, babbar motar nan, ya ce duk takardar da na bari wajen 'yan albasa zai kai miki har Gangara.

Yaya, na ga duniya! Nan ne kogi yake rarrabuwa baki-baki kafin ya faɗa teku. Da daji ne, itatuwa tsaye cikin ruwa da saiwoyinsu a waje. Kamfani ya sare su, ya haƙa tafkuna, kowane ya fi filin lakol, makarantar yaranku, inji yana zuba musu ruwan gishiri. A ciki muke kiwon jatan lande, wani ɗan abu mai gashin baki da ƙafafu barkatai. Turawa rububinsa suke yi. Ni ke ba su abinci, na san aikin ciki da waje. Ga busasshensa nan a leda, tsarabarki ce.

Ga shawarata. Kin san gangaren garkar Baba, gefen rijiya, inda ruwa yake kwanciya da damina? A haƙa rami nan, in ruwa ya taru a zuba gishiri ya zauna. Da kaka zan taho da 'ya'yan jatan landen. Manyan otel na Yamai kaɗai sun ishe mu kasuwa.

Ki gaida kowa. Naki,
Mudassir

*

Gangara
Cikin bazara

Ƙanena Muda,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Gwaggo tana amsawa. Idon ne dai ya ƙarasa rufewa, amma bakin yana nan daram.

Tsarabarka ta iso, Allah Ya saka, kada ka ƙara. Ina kwance ledar Gwaggo ta ɗaga hanci daga ɗaka ta ce, "Rabi, wanga ɓera ina ya mutu?" Na leƙa na ga abubuwa a nannaɗe da idanu tsuru-tsuru, ranar ko tuwo ban ci ba. Na watsa wa kaji. Zakaranmu da ba ya barin ko kunama ya zagaye su sau biyu ya yi tafiyarsa. Wannan ne abin da ka bar gida kake yi wa bauta?

Maganar rami kuwa, ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Mai hankali ne zai ɗauki gishiri ya kai gindin rijiya? Rijiyar nan Baba ya haƙa da hannunsa, duk unguwa ita take sha, da ita nake ban-ruwan zogale da albasa. Gwaggo ba ta kai wani ruwa bakinta sai nata. Ka san an sha kawo mata na famfo tana tofarwa, wai ƙarfe take ji. Ta ce ruwan da ƙanenta ya tono shi za ta sha har ta bi shi.

In ƙibar ce ta hau maka kai, ka rage ci. Allah Ya tsare mana kai, Ya dawo da kai da hankalinka.

Yayarka,
Rabi'atu

*

Gonar ruwa
Kafin layya

Yaya Rabi,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi dariya har na riƙe ciki. Ke da kike cinye kwanon fara da yaji ki suɗe yatsu, ke ce mai ƙyamar ƙwaro? Ai farar ruwa ce kawai.

Ba na son mu yi ta ja. Garkar nan gado ce, ina da rabona, kuma gangaren nake so. Na rubuta wa Baffa Ɗan Bala, ƙanen Baba ne, shi ne ubanmu yanzu, shi zai tsaya a kan aikin. Na gaya masa yadda ake awo: nan da ƙarfe suke gwadawa, amma harshe ma ya isa. A yi ta zuba gishiri ana ɗanɗanawa har ruwan ya zama kamar miyar da hannu ya zarce. Rijiya kuwa daban, rami daban, me ya haɗa su?

In kin ga abin ya kankama ke za ki fara roƙon a ba ki aiki. A gaida Gwaggo.

Mudassir

*

Gangara
Tsakiyar damina

Zuwa ga ɗana Mudassir,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da addu'ar Allah Ya yi maka albarka, ina sanar da kai cewa amanar da ka ɗora mini na riƙe ta hannu biyu.

An haƙa rami, ruwan sama ya cika shi, mun zuba gishiri har ya kai yadda ka ce. Ni da kaina nake ɗanɗanawa, ban wakilta kowa ba. Sai dai akwai abin mamaki. In na bar shi da gishiri yau, bayan kwana kaɗan sai in tarar ruwan ya ja baya, in an sake ruwan sama kuma ya koma salam kamar ba a taɓa zuba komai ba. Na zauna na yi nazari, na gane shanu ne. Kai ma ka sani, jininmu na kiwo ne, saniya tana jin ƙanshin gishiri daga nesa. Na kama shanun wani makiyayi suna lasar bakin ramin, muka yi ta da shi har gaban mai gari. Yanzu na kewaye wurin da ƙaya.

Duk da haka gishirin bai daina ɓacewa ba, ina zargin da asuba suke tura kai ta ƙasan shinge. Don kada aikinka ya tsaya, na koma sayen gishirin dabbobi na ranar kasuwa, amalanke guda, muna dakawa muna zubawa, na haɗa da kanwa don ya yi ƙarfi. Ba zan bari dabba ta ga bayana ba.

Yayarka ba ta gaishe ni yanzu. Ta tsaya a bakin rami gaban ma'aikata ta ce mini wai miya nake yi wa kwaɗi. Na bar ta da halinta, ka yi mata faɗa.

Allah Ya ƙara buɗi. Ni ne ubanka,
Ɗan Bala

*

Gonar ruwa
Ranar da takardar Baffa ta iso

Yaya,

Sallama a gurguje. Don girman Allah kina karanta wannan ki tafi wajen Baffa, ki ce ni na ce a tsaya. Kada a ƙara zuba ko ƙwaya ɗaya. A kwashe ruwan ramin a kai shi can bayan gari, a cike ramin. Ba shanu ba ne. Nan ƙasar laka ce, tana riƙe ruwa, tamu kuwa rairayi ce. Gishirin ƙasa yake shiga, kuma ba shi da wurin zuwa sai rijiya.

Ciwo ya faɗa wa tafkunanmu. Jatan lande ya mutu ya taso saman ruwa, fari fat, ga kumfa, ga ƙuda. Da manjagara muke jawo shi, mun ɗaure hanci da tsumma, duk da haka sai da na yi amai har na ga duhu. Ƙasan tafkin baƙin taɓo ne na ragowar abinci da kashinsu da magani, warinsa ya fi na masai. Nama ma na kasa ci. Masu kamfani ko a jikinsu, sun ce a bar waɗannan tafkunan haka, an riga an fara saran wani dajin a gaba.

Akwai ƙauyen masunta kusa da mu. Tun zuwana nake ganin matansu suna tuƙa kwalekwale cike da bido, jarkokin ruwa, na ɗauka al'adarsu ce. Jiya na tambayi tsohuwar da take sayar mana da abinci. Sai ta ja ni bayan ɗakinta ta ɗebo mini ruwan rijiyarta. Yaya, ko a baki ban iya riƙe shi ba. Ta nuna mini inda rogonta yake da, ƙasa ta yi fari, ko ciyawa babu. Ta ce kafin a sare dajin, daga wasu ƙauyuka ake zuwa shan ruwanta.

Ƙyamar wurin nan nake ji, da ta kaina. Ki hanzarta.

Ƙanenki,
Mudassir

*

Gangara
Bayan an gama yankan gero

Mudassir,

Na amsa sallamarka don ta Allah ce.

Takardarka ta gaggawa shekaranjiya ta iso. An rufe iyaka, kamyon Balarabe ya yi ta zama a can har kayan mutane suka ruɓe, takardar tana aljihunsa. Ya kawo ta duk ta yi laushi da gumi. Na karanta, na yi dariyar da ba ta daɗi ba.

Bari in ba ka labarin aikinka. Da fari sabulu ne ya daina kumfa. Sai shayin mai gidana ya canza, ya ce na wanke buta da kanwa. Sai zogalena ya fara ƙonewa daga gefen ganye, kwamin albasa ya yi farin ɓawo kamar an barbaɗa toka. Ran nan Fati maƙwabciyarmu ta ja guga ta kurɓa, ta fesar a gaban mata, ta ce, "Wa ya yi muna wanga aiki?" Kowa ya san wa. Ni ce a tsaye a wurin, ni na sha kallon.

Mun yi gayya mun yashe rijiyar har ƙasa, sau biyu. Ruwan da ya sake tsattsafowa ya fi na farko ɗaci. Wani ma'aikacin ruwa ya zo daga Gazawa ya duba, ya ce gishirin ya riga ya shiga jijiyar ruwan, sai dai shekaru su wanke shi, in za su wanke. Yara suka fara zawo, mai gari ya ce a rufe. Ni na jawo ƙayar da Baffa ya kewaye raminka da ita na ɗora a bakin rijiyar Baba.

Baffanka kuwa har gobe shanu yake zagi. Raminka yana nan, kore shar, sauro ya samu gida, kwaɗi sun mutu a ciki sun kumbura. Ko ƙwaro ɗaya naka bai taka Gangara ba, amma ya cinye mu. In na bi ta wurin sai na tofar da yawu.

Yanzu famfon bakin kasuwa muke bin layi da bido. Gwaggo ba ta sani ba. Ina juye mata a randar ƙasa ya kwana ya huce, duk da haka kullum sai ta riƙe moɗa ta ce, "Rabi, ruwan ga ba na rijiyar ƙanena Habibullahi ba ne." In ce mata sabuwar randa ce. Ta rage shan ruwa, leɓenta duk ya bushe.

Ban da abin da zan ƙara. Allah Ya kyauta.

Rabi'atu

*

Fatakwal
Farkon sanyi

Yaya Rabi,

Ina gaishe ki, in kina amsa gaisuwata. Na bar kamfanin, ina dako a kasuwar albasa. Ba ni da bakin ba ki haƙuri.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki ce wa Gwaggo rijiyar rushewa ta yi da damina, ƙaddara ce. Kada ta ji sunana a ciki, ita ta goye ni. In na tara abin hannu zan zo a haƙa wata.

Ki yafe mini.
Mudassir

*

Gangara

Muda,

Muna lafiya, sai Gwaggo.

Na gaji da yi mata ƙarya saboda kai, ba zan ƙara wata ba. Jiya ta ce in kama hannunta in kai ta bakin rijiya ta ja da kanta, tunda mu mun zama maƙaryata. Na ce ƙafarta ba za ta kai ba. Ta ce to a kira mata Mudassir, shi ba ya ƙin aikenta, shi zai ɗebo mata na gaskiya.

Na ce mata kana hanya. Kada ka jira abin hannu. Ka zo ka karɓi moɗar daga hannunta, ka gaya mata da bakinka.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Rabi'atu