Shafukan da Yaya Haruna ya bari a buɗe

Daren Laraba, Gadarif

Gobe ake rufe rajistar makarantar jinya, ni kuma tun azahar nake gaban tsohuwar kwamfutar Yaya Haruna. Na danna burauza, ta yi ta juyi har na gama yi wa Inna gurasar kisra, ba ta buɗe ba. Na kashe na kunna, na goge ƙurar fanka, na zagi shabakar intanet. Kahraba ma, wato lantarki, ta ɗauke tana tsakiyar lodi.

Da la'asar na kira maƙwabcinmu Malam Adamu mai gyaran waya. Kallo ɗaya ya yi wa allon ya ce, “Haba Zainabu, wannan tulin shafuka ai su suka shaƙe ta. Ki rufe su duka, ki share tarihin, khalas.”

Na ce to, amma hannuna ya ƙi.

Yaya ne ya bar su a buɗe ranar da ya tafi aikin girbi garin Fau, kafin faɗa ya rufe hanya. Har yau babu labarinsa. Akwai farashin riɗi, akwai kayan gyaran tarakta, akwai wani zoben azurfa da ban san wa yake nema wa ba. Duk sanda na kunna, suna dawowa kamar fita ya yi shan shayi.

Ya Allah, ina son makarantar nan.

Ɗazu na runtse ido na rufe shafin riɗin. Wallahi sai kwamfutar ta ƙara sauri, muguwa.