Inna Ta Shiga Aji

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara, ya mai gidan? Mu dai ga mu nan, ana ta fama.

Kin ce in daina yi miki kuka a waya, to ga takarda. Labarin da kika ji gaskiya ne, na buɗe ajin koyar da haɗa sarƙa da 'yan kunne a falo, Asabar da Lahadi. Albashin kanti ba ya kai mu ƙarshen wata tun da maganin Inna ya ƙaru, kuma ba zan yi ta miƙo miki hannu ba, ke ma naki ya ishe ki. Na ture kujeru jikin bango na shimfiɗa tabarma, kowace ɗaliba da farantinta da tawul a ciki don kada duwatsu su gangara. Wata ta zo ne kawai ta huta da hayaniyar gidanta. Wata tun ranar farko take tambayar yaushe za ta fara sayarwa, alhali ko zare ba ta iya zura wa allura ba. In sun watse, ni ce da rarrafe ƙarƙashin kujera ina tsintar duwatsu. Bayana kamar ba nawa ba.

Inna ce abin mamaki. Kin san tun da mantuwar nan ta kama ta ba ta fitowa daga ɗaki. Ranar da ta ji ƙarar duwatsu a faranti sai ga ta da sandarta. Ta zauna cikin ɗalibai ta miƙo hannu, na ba ta. Yaya, hannun da ba ya riƙe cokali, sai ga shi yana ƙulli bayan kowane dutse, yadda ta koya mini ina ƙarama, lokacin da ke kike zillewa wai idonki na ciwo.

Sai dai ta ji suna ce mini Malama, ita ma ta ɗauka. Malama duba mini, Malama zarena ya ƙare. Rabon da ta ce mini Auta har na manta. Ɗalibai dariya suke yi, ni ma ina taya su, amma wallahi abin yana ci mini rai.

Ki gaishe da kowa.
Ƙanwarki, Auta

Auta,

Wa'alaikumussalam. Saƙonki ya iso, Allah ya sa albarka a sana'ar.

Zan faɗa miki gaskiya ko da za ki yi fushi, don na san halinki. Aikin kanti, aji, ga jinya, duk a kan mutum ɗaya. Ke ba ƙarfe ba ce. Kuma tsohuwar da ba ta san safe da yamma ba, ba a barinta tsakanin allura da almakashi da baƙin da ba ta sani ba. Ina da ɗaki babu kowa a ciki, ni kuma na ajiye aiki, ina gida wuni. Ki kawo mini ita. Uwata ce kamar yadda take uwarki, ba gadonki ba ce ke kaɗai.

Zancen ciwon ido kuwa, da gaske yana mini ciwo a lokacin. Kin riƙe magana sai ka ce bashi.

Ki yi tunani, ki ba ni amsa. Allah ya ƙaro haƙuri.
Yayarki

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Na yi shiru ne don fushi, kin canka daidai. Na ce a raina, nan ne kaɗai take zama mutum, don me za a raba ta da shi? Yanzu kam bakina ya mutu.

Kin tuna yadda Inna take aiki? Dutse ɗaya a zare, na gaba kuma tana riƙe da shi a leɓe don hannu ya samu sarari. Haka ta yi duk rayuwarta, ni ma haka nake yi, shi ya sa idona bai taɓa ganin abin a matsayin haɗari ba. Asabar ɗin nan ina can ina kwance wa wata sarƙar da ta harhaɗe, sai na ji faranti ya faɗi. Na waiga, Inna ta riƙe wuya, idanu waje, ba sauti. Ta manta dutsen yana bakinta ta ja numfashi. Ban san yadda na tsallake mutane ba. Na dinga bugun bayanta ina kiran sunan Allah har ya faɗo kan tabarma, wani kore mai girman wake.

Da ta dawo hayyacinta kin san abin da ta ce? Malama yi haƙuri, na zubar miki da kaya.

Lahadi na kulle ta a ɗaki na yi aji. Tana buga ƙofa a hankali tana cewa an fara babu ita, ni ina koyar da yadda ake sa maƙulli a sarƙa. Ba zan sake ba. In na rufe aji babu magani, in na buɗe ba zan iya tsaron bakinta da hannun mata duka ba. Na juya abin ta kowace fuska har kaina ya yi ciwo.

Ki turo mota. Na haɗa kayanta, na sa mata manyan duwatsun katako waɗanda ba sa shiga baki, da zare mai kauri. In ta gama sarƙa ki bari ta yi barcin rana, ki kwance, ki mayar mata a faranti. Ba ta ganewa, murna take yi.

Na gaji, Yaya. Kuma ina jin kunyar yadda wani ɓangare na zuciyata ya ji sanyi da na yanke shawarar.

Ki yafe mini maganar ido.
Auta

Auta,

Assalamu alaikum. Inna ta iso lafiya, tana cin abinci, tana barci.

Jiya Asabar ta yi wanka da wuri ta zauna bakin ƙofa da farantinta. Na zauna kusa da ita na ɗauki zare, na ce to Inna, yau ni ce Malama. Na yi ƙulli ɗaya ya zame, na sake ya zame. Ta karɓe daga hannuna ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, ke dama can ba ki iya ba. Sannan ta leƙa bayana ta ce, ina Auta? A kira mini Auta, ita ce mai hannu.

Tun jiya take tambaya. Na ce mata kina wurin aiki.

Ban san yadda za ki yi da ɗalibanki ba, amma ki zo ki ji da kunnenki tun tana faɗa.

Allah ya kawo ki lafiya.
Yayarki