Jawabin Baba a Baranda

Zuwa ga Yaya Fulgencio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Bilbao. Na rubuto ne don wayar kantin Nicasio kunnuwa sun yi mata yawa.

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ba ta fita sai yana buga tebur gaɓa-gaɓa, yadda yake sa mu tafa hannu a ajinsa. Jiya ya wuni kan "ha-bla-ré", wato zan yi magana, yana ƙara wa gaɓar ƙarshe ƙarfi har miya ta zube. Ana cikin haka magajin gari ya roƙe shi ya yi jawabin buɗe bikin gari na bana daga barandar ofishinsa, ya kuwa gyaɗa kai. In ya maƙale a gaban jama'a fa?

Ƙanwarka,
Herminia

Herminia,

Na ga wasiƙarki, a gaida Baba. Kanki ɗaya kuwa? Mutumin da ya koya wa rabin garin karatu za ki bari ya tsaya yana in'ina, yara na kwaikwayonsa? Kin san bakin mutanenmu, har jikokinmu sai an goranta musu. Ki hana shi. In ba za ki iya ba, ni zan iya.

Yayanki,
Fulgencio

Yaya,

Barka da aiki. Don Allah kada ka yi komai tukuna. Yau ya kai jimla guda har ƙarshe, da bugu ne amma ya kai. Ya sa na goge masa baƙar kwat, ya ce in kira wanzami, har ya zage ni kan gishirin miya, zagi tar babu gargada. Tsoron yana nan, amma ka bar shi ya gwada.

Ka huta lafiya,
Herminia

Yaya,

Ina gaisuwa. Ashe wasiƙata ta makara. Magajin gari ya zo, hula a hannu, ya ce wa Baba, ɗanka ya rubuto mini a hana ka, don haka mun ba mai kantin magani jawabin. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya sauke hannunsa daga tebur ya ɗora a cinya. Tun ranar ko kalma ɗaya bai gwada ba. Likita ya ce in ya daina yanzu, bakin zai iya rufewa gaba ɗaya.

Ka zo ka yi masa bayani da bakinka.

Herminia