Yaya, Ummi Ba Ƙarya Take Yi Ba

Assalamu alaikum, Yaya Hajara.

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Allah, ƙanwarki Binta ce daga Mai'adua. Na daɗe ina jan ƙafa kan wasiƙar nan, don ko kina kabari kunyarki nake ji.

Ranar da za ki cika kin damƙa min hannun 'yarki Ummi, kika ce, "Binta, yarinyar nan ba ta iya ƙarya ba, sai kawaici." Na ce to. Ashe bakina kawai ya amsa.

Da daminar bara ta yi ciwon maƙogwaro. Na kira wanzami ya cire mata beli, muka ce shi ke nan. Bayan sati uku ta tashi da zazzaɓi, gwiwar dama ta kumbura, na shafa mata man zafi. Kwana biyu ta ce ya koma idon sawun hagu. Washegari kuma wai gwiwar hannu. Ni kuwa uwar wayo na ce wane irin ciwo ne mai cin kasuwa-kasuwa kamar ɗan koli? Na ce ɗiban ruwa take gudu.

Yaya, na ɗora mata bokiti na kora ta famfo tana ɗingishi. Har kwaikwayon tafiyarta na yi a tsakar gida, aka yi ta dariya.

Daga ranar ba ta ƙara faɗa ba. Sai da maƙwabciyarmu ta kawo ta a goye, ta tsince ta zube a bakin famfo tana haki.

A asibitin da muka je a Daura likita ya ce yawon nan daga gaɓa zuwa gaɓa shi ne babbar alamar cutar da ke damunta. Ciwon maƙogwaron ne ya haifar da ita, kuma ta riga ta taɓa zuciya. Ya ce yaro mai zazzaɓi da kumburin gaɓa ba a kwana da shi a gida. Da ya tambaye ni yaushe ciwon ya fara, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu allura ake mata duk wata, na shekaru. Ba ta iya tsallen igiya, sai dai ta riƙe wa ƙawayenta.

Jiya ina mata kitso na tambaye ta ko akwai inda ke ciwo. Sai ta ce, "Inna, in na faɗa za ki yarda?"

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ba Ummi lafiya, Ya ba ni kwanan da zan ga ta daina yi min wannan tambaya. Ki yafe min.

Ƙanwarki da ba ta riƙe amana ba,
Binta